Littafin Kiran Suna

Ba don mun iya ƙwallo muka zama masu horar da yara ba. Mu uku ne, biyu malaman firamare, ɗaya tela, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa buga wasan da ya wuce na unguwa da unguwa. Abin da dai muke da shi shi ne usur guda ɗaya, da tsohuwar ƙwallo mai faci huɗu, da kuma takaicin ganin yaran Mabai suna zaman banza a bakin tasha daga la'asar har magariba. A shekarar 2018 muka ce bari mu gwada, ai da babu gara ba daɗi.

Fili muka samu a bayan gari, wanda in damina ta sauka mai gona yake cinye mana kusurwa ɗaya da dawa. Raga kuwa sanduna ne na darbejiya da igiya a sama. Yara ashirin da bakwai suka rubuta suna, takalmin ƙwallo ƙafa uku, sauran duk ƙafa Allah Ya ba su. Kowanensu Ahmed Musa yake son zama, domin a shekarar ne ya zura wa Iceland ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya a Rasha, kuma sun ji cewa a Kano Pillars ya yi suna kafin ya tafi Turai. Mu kuma sai mu ba su labarin 1985, lokacin da yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 16 suka doke Jamus ta Yamma da ci biyu da nema a ƙasar Sin, su yi ta kallonmu kamar muna tatsuniya.

Da yake malanta ta bi jikinmu, sai muka sayi littafi mai shafi arba'in muna kiran suna kafin a fara atisaye. Telan cikinmu dariya yake yi mana, yana cewa mun mai da fili aji. To, ashe wannan littafi shi ne zai zama aikin.

Akwai wani yaro ɗan Fulani da yake zuwa daga wata ruga, tafiyar kusan awa guda a ƙasa. Siriri ne kamar sillen kara, ba ya magana, amma in ya ɗauki ƙwallo da ƙafar hagu sai dai 'yan baya su bi shi da kallo. Sai ya kora shanu gida sannan ya sheƙo da gudu, saboda haka kullum a makare yake, kullum kuma sai mun sa shi zagaye fili sau biyu. Bai taɓa musu ba. Iyakar abin da yake cewa shi ne, "To, Malam."

Daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji. Ranar 17 ga wata aka sako su, gwamnati ta ce yara 344 ne. Mai karatu ya san wannan labari, duniya duka ta ji shi. Abin da duniya ba ta ji ba shi ne yadda kiran suna ya canza a ƙananan garuruwa irin namu. Da can in an kira yaro shiru, sai mu ce lalaci ne. Daga ranar nan, in an kira suna shiru, gabanmu ne yake faɗuwa, sai mun tura wani gidansu ya gano shi. Muka dawo da atisaye baya, ana idar da la'asar a fara, kafin rana ta yi ja kowa ya kama hanya. Wasannin sada zumunci da muke zuwa wajen Faskari da Sabuwa suka mutu, don ba uban da zai yarda ɗansa ya hau hanya saboda tamaula. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da namu ukun nan, sai ya zama ko cigiyar yaro sai da ƙafa.

A cikin wannan hali ne wasu iyaye suka same mu bayan sallar isha'i. Dattijon da ya yi magana ba mugun mutum ba ne, an ɗauke ƙanensa a gona, sai da aka sayar da shanun huɗa aka fanso shi. Ya ce, "Malam, yaron nan na ruga, wa ya san abin da yake gani in ya shigo, wa kuma ya san wanda yake faɗa wa? Ko dai ya bari, ko mu janye namu."

Muka ce, "Baba, yaro ne, shekararsa 14."

Ya ce, "Masu kai rahoto da yawa ba su fi haka ba."

A nan ne muke so 'yan'uwa marubuta su lura, domin da labari muke ƙagawa, da mun sa malamin ya miƙe ya yi jawabi mai ratsa jiki, iyaye su sunkuyar da kai. Mu ba mu yi jawabi ba. Ba mu kuma kori yaron ba, wannan ma da ya fi mutunci, don da mun dube shi ido da ido. Abin da muka yi shi ne muka daina sa shi a wasa. Ya zo a guje, ya yi zagayensa biyu, ya zauna a gindin darbejiya har a tashi. Muka gaya wa kanmu wai muna jira ƙura ta lafa. Kwana tara ya yi yana zuwa. A rana ta tara da aka tashi, ya tattaro mana ƙwallo da usur kamar yadda ya saba, ya ce, "Malam, gobe ba sai na zo ba ko?" Ɗayanmu ya ce masa ya ɗan huta tukuna. Ya ce, "To, Malam."

Ba a jima ba muka ji rugarsu ta tashi. Wasu suka ce 'yan bindiga ne suka kwashe musu shanu, wasu suka ce tsoron 'yan sa-kai ne ya kore su, mai yiwuwa kuma duka biyun ne, don mutanen ruga da yawa ta gaba da ta baya suke shan duka. Mun tambaya a kasuwar Ƙanƙara, mun tambayi masu zuwa Funtuwa, ba wanda ya ba mu amsa guda.

Har yanzu muna fita fili in gari ya yi lafiya. Yaran farko sun girma, wasu suna kabu-kabu, wasu sun tafi ci-rani Abuja da Legas, biyu suna taya mu horar da ƙannensu. Littafin farko ya cika, muna kan na huɗu. Duk lokacin da za a kwafe sunaye zuwa sabon littafi, telan nan da yake mana dariya shi yake karɓar biro, kuma shi ne yake sake rubuta sunan yaron a lamba ta 19. Ranar da sabon mai taya mu ya fara kiran suna, ya kai wurin ya kira sau biyu, ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan wane ne? In soke?" Muka ce ya wuce na gaba.