"Da" ɗin Bahaushe da "da" ɗin na'ura

A ofishin kawuna da ke Zangon Kwatano, kusa da Ganhi, harkar fiton kaya daga tashar jiragen ruwa kan waya take tafiya: a kira Maraɗi, a kira Kano, a daidaita farashi. Da suka koma kiran intanet, sai murya ta riƙa yankewa duk sa'ad da wani ya aika da manyan takardu. Kawu ya ce, "Kai da kake koyar da abin nan, zo ka duba."

Na ce wa yaron da ke kula da na'urorinsu, "Ka ba SIP da RTP fifiko." SIP ke ƙulla kira, RTP ke ɗauke da muryar. Ya rubuta sharuɗɗan biyu, kowanne a layinsa, cikin class-map na rautarsu ta Cisco. Mako ya zagayo babu sauyi, Kawu ya fara zancen sallamarsa.

Da na duba ƙidayar ajin, sifili na tarar. Rautar Cisco, muddin ba a fayyace mata ba, match-all take ɗauka: sai ƙunshin bayanai ya cika dukkan sharuɗɗan kafin ya shiga ajin. Ƙunshi ɗaya kuwa ba ya zama SIP kuma RTP a lokaci guda. Saboda haka duk kiran ya gangara class-default, yana turereniya da takardu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne harshen. Idan aka ce wa mai gadi ya bar malamai da ɗalibai su shiga, ba zai tsaya neman mutumin da yake malami kuma ɗalibi ba. "Da" ɗinmu a nan tattarowa yake yi, na na'ura kuwa tacewa. Abin da bakina ya kira "da", a wurinta "ko" ne, wato match-any: sharaɗi ɗaya ya wadatar.

Ba wai match-all ba shi da rana ba. In ana so a fifita ƙunshin da ke ɗauke da alamar DSCP 46 kuma ya fito daga wayoyin ofis kaɗai, shi ne daidai. Da match-any, kowace kwamfuta sai ta manna wa kanta alamar ta tsallake layi.

Muka sauya kalma ɗaya, ƙidaya ta fara hawa. Na shaida wa Kawu cewa umarnina ne ya zo a karkace. Yaron ya ce, "Malam, ni ma ban tambaya ba." Yana nan bakin aikinsa.