Shin Iyo Gado Ne?

Akwai wata kalma da mu Hausawa muke ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta, ita ce kalmar gado. In ɗan maƙeri ya iya riƙe masaba, sai mu ce gado ne. In ɗan dogon mutum ya yi tsawo, nan ma mu ce gado ne. Alhali kuwa hanyar abubuwan nan biyu ba ɗaya ba ce. Tsawo a cikin jini yake tafe, ko da an raba yaro da ubansa tun ranar suna. Ƙira kuwa sai an zauna gindin zugazugi shekara da shekaru, an sha hayaƙi, an ƙone yatsu. Da yake ni ɗan bakin kogi ne, daga ƙasar Yawuri, ga shi kuma ilmin halittu nake karantawa, abin da ya fi damuna game da wannan kalma shi ne yadda ake aiki da ita a kan iyo, musamman iyon gasa irin wanda ake yi a wasannin Olamfik.

Bari in fara ba jini haƙƙinsa, don kada mai karatu ya zaci na zo musun abin da ido ke gani. Michael Phelps, mutumin Amurka, ya ci lambobi 28 a wasannin Olamfik, 23 daga ciki na zinariya, takwas kuwa a shekara guda ya kwashe su, watau 2008 a birnin Beijing. Tsawonsa mita 1 da santimita 93. Yawancin mutane in sun buɗe hannuwa, abin da masu awon igiyar guga ke kira gaba ɗaya, sai ka tarar ya yi kusan daidai da tsawonsu. Shi kuwa nasa ya haura mita biyu. Ga gangar jiki doguwa kamar kwalekwale, ƙafafu gajeru in an gwada da tsawonsa, ga tafin ƙafa faffaɗa. Babu malamin iyon da ya koya masa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na bambancin tsawo tsakanin mutane daga ƙwayoyin gado yake. A wancan wasa na Beijing akwai tseren mita ɗari da Phelps ya riga Milorad Čavić taɓa bango da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Inda tazara ta zama haka, ai ko tsawon yatsa abin lissafi ne.

Har abin da ba a gani ma jini yana da hannu a ciki. A wani bincike da Claude Bouchard da abokan aikinsa suka buga a 1999, an sa mutum 481 daga gidaje 98 motsa jiki iri ɗaya har mako ashirin, sa'an nan aka auna yadda ƙarfin jikinsu na amfani da iska ya ƙaru. Waɗansu suka ƙaru ƙwarai, waɗansu kuwa kamar ba su yi komai ba, kuma aka ga abin gida-gida yake bi, har aka ƙiyasta rabon gado a ciki ya kai kashi 47 cikin ɗari. Watau ke nan ko amfanin da mutum zai samu daga wahalar horo, akwai rabon iyaye a ciki. Wannan magana ba ta da daɗin ji ga mai ƙwazo, amma haka aka auna.

To, sai dai da aka zo neman ainihin ƙwayar da ke sa mutum ya zama gwanin iyo, sai magana ta watse. Akwai wata ƙwaya mai suna ACTN3, wadda ke sa jiki ya yi wani sinadari a cikin tsokar da ke saurin tsukewa. A 2003 waɗansu masana a Ostareliya suka nuna cewa da wuya ka sami zakaran gajeren gudu wanda ba shi da wannan sinadari, har 'yan jarida suka laƙaba mata suna ƙwayar sauri. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ko shida a duniya ba shi da shi. Amma da aka auna 'yan Nijeriya da 'yan Kenya, sai aka ga kusan ɗaya cikin ɗari ne kawai ya rasa shi. Ka ga ke nan, ni da kai da mai shayin bakin ƙofar makaranta, kusan dukkanmu muna ɗauke da ƙwayar sauri, ba wanda ta kai ko gasar jiha. Wata ƙwayar kuma, ACE, ta fi ba ni dariya. Tana da iri biyu. A 2001 aka ba da rahoton cewa iri ɗaya ya fi yawa a cikin Turawa gwanayen gajeren iyo. A 2013 da aka haɗa da gwanayen gabashin Asiya, sai aka tarar a wurinsu ɗaya irin ne ya fi yawa. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tsawo kaɗai, wanda tef ke aunawa cikin minti guda, wani bincike na 2022 a kan mutum fiye da miliyan biyar ya gano wurare sama da 12,000 a cikin ƙwayoyin gado da ke da hannu a cikinsa. Ina ga iyo, wanda ya haɗa huhu da zuciya da tsoka da laushin gaɓoɓi da jimiri da rashin tsoro?

A garinmu ba a bar ni na shiga kogi ba. Gidanmu gidan fatauci ne, kakata kuwa ta ɗauki ruwa abokin gaba. Duk ran da ta ga ƙafata da laka sai ta ce, "Kai ɗan nan, mu ba Sarkawa ba ne, ruwa bai san mu ba." Sai in tsaya a gaɓa ina kallon 'ya'yan masunta suna nutso suna ɓullowa can nesa kamar agwagi. A cikinsu akwai wani yaro wanda kowa ya san ɗan riƙo ne, daga wani ƙauye na tudu aka kawo shi yana ɗan shekara uku, iyayensa ko rafi ba su da shi. Ya tashi a gidan masunta, ya iya ruwa kamar kowane ɗan gidan, har ya fi waɗansu. Amma kuma a cikin 'ya'yan maigidan na cikinsa akwai wani dogo mai faɗin kafaɗa wanda babu mai kamo shi, ko ɗan riƙo ko ɗan gida. Na taɓa tambayar tsohon, na ce, "Baba, me kuka ba wannan da ba ku ba sauran ba?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ruwa ɗaya suka sha, tuwo ɗaya suka ci. Shi dai haka Allah ya yi ƙirarsa." Ni dai ban ga littafin da ya fayyace maganar fiye da gidan nan ba. Zama cikin gidan ya isa ya mai da baƙo ɗan ruwa, sa'an nan a tsakanin 'yan ruwan ne ƙirar jiki ta fitar da na gaba.

Haka abin yake har a ƙasashen da ke cin lambobin. Léon Marchand na Faransa ya ci zinariya huɗu a birnin Faris a 2024, uwarsa da ubansa kuwa duk sun yi wa Faransa iyo a Olamfik. Mai son jini zai ce ga shaida, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma iyayen da suka ba shi jini su ne suka san ƙofar wurin iyo, suka san malamin kirki da na banza, kuma wanda ya horar da shi daga baya shi ne Bob Bowman, mutumin da ya horar da Phelps tun yana yaro. Shi Phelps ɗin ma yayyensa mata biyu sun riga shi shiga ruwa. Wa zai iya tsame jini daga tarbiyya a irin wannan gida?

Inda maganar ta fi yi mini zafi shi ne wurin da ake ɗaukar ta daga kan mutum ɗaya a yafa wa al'umma dukanta. An daɗe ana yaɗa cewa baƙar fata ba a halicce shi don iyo ba, wai jikinsa nauyi gare shi, nutsewa yake yi. A 1987 wani babban jami'in wasanni a Amurka, Al Campanis, ya faɗi irin wannan a talabijin, cikin 'yan kwanaki ya rasa aikinsa. Shekara na zagayowa, a wasannin Seoul na 1988, Anthony Nesty, baƙar fata daga ƙaramar ƙasar Suriname, ya kayar da Matt Biondi na Amurka a tseren mita ɗari, ya ɗauki zinariya. A 2016 Simone Manuel ta yi haka a Rio. Wannan zance na yawo a saman ruwa ma shirme ne, domin mai ƙiba ya fi mai tsoka iya kwanciya a kan ruwa, ba mu kuwa taɓa jin an ba teɓa lamba ba. Masanin tarihi Kevin Dawson, a littafin da ya fitar a 2018, ya tattara bayanan Turawan da suka zo gaɓar Afirka ta Yamma ƙarnuka da suka wuce, suna mamakin yadda mutanen wurin suka fi su iya ruwa nesa ba kusa ba, har aka riƙa sa bayi nutso don ciro lu'ulu'u da kayan jiragen da suka nutse. Jikokin waɗannan bayi ne aka hana shiga wuraren iyo na gwamnati a garuruwan Amurka da dama har tsakiyar ƙarni na ashirin, daga baya aka juyo ana cewa laifin ƙashinsu ne.

Ba na musun cewa zaman ruwa na dubban shekaru yana iya barin alama a jikin wata al'umma. Mutanen Bajau na Indunusiya, masu rayuwa da nutso a teku, an auna su a 2018 aka ga saifarsu ta fi ta maƙwabtansu manoma girma da kusan rabi, har ga waɗanda ba sa nutso a cikinsu, kuma aka danganta abin da wata ƙwayar gado. Saifa tana sakin jini mai ɗauke da iska in mutum ya riƙe numfashi. Amma wannan an auna shi ne, da na'ura, a kan abu ɗaya ƙayyadadde. Bai yi kama da zancen wanda ya dubi launin fata ya yanke hukunci ba.

Ku tuna da Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini. A Sidni a shekarar 2000 ya yi mita ɗari cikin minti 1 da sakan 52.72, alhali wanda ya ci zinariya, Pieter van den Hoogenband na Holan, sakan 48.30 ya yi. Duniya ta yi ta dariya. Ba a cika faɗin cewa watanni kaɗan ke nan da ya fara koyon iyo ba, a ɗan ƙaramin wurin wanka na otal, kuma bai taɓa ganin wurin iyo mai tsawon mita hamsin ba sai ran da ya isa can. Bayan 'yan shekaru yana samun horo sai ga shi yana yin wannan tazara cikin ƙasa da minti ɗaya, da jinin nan dai da ya je da shi Sidni.

Shi ya sa duk lokacin da na je Argungu na tsaya bakin Matan Fada ina kallon wasannin Kabanci, tseren kwalekwale da kamun agwagwa da nutso da kamun kifi da hannu, idona ba ya kan manya. Yaran nan 'yan shekara tara da goma nake kallo, masu tsalle daga gaɓa ba tare da gora ba. A cikin ɗari nasu lalle akwai dogo mai dogayen hannuwa da faɗin tafin ƙafa, wanda jikinsa ke karɓar horo da sauri. Yanzu akwai kamfanoni a ƙasashen waje da ke karɓar kuɗi su gwada yawun yaro, wai su gaya wa iyayensa wasan da ya dace da shi. Da ni ne mai kuɗin, agogon awon tsere zan saya da tef, in nemi malamin iyo guda ɗaya mai haƙuri, in roƙi Sarkin Ruwa ya tara mini yaran bayan an watse daga bikin.