Bashin Masara Tsakanin Madarumfa da Jibiya

Gulbin Maraɗi a ƙasar Katsina yake tasowa. Yakan biyo ta Jibiya, ya shigo Nijar ta gundumar Madarumfa, ya shayar da fadamun Jiratawa da na Maraɗi da na Tsibiri, sa'an nan ya karkata yamma ya sake faɗawa Nijeriya, inda yake haɗuwa da gulbin Rima. Mutanen da ke zaune a bakinsa ma haka al'amarinsu yake tun kaka da kakanni: su shiga su fita, su yi aure nan su yi suna can. Bayan da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a shekarar 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa, suka kafa sarautarsu a Maraɗi wajajen 1819, shi ya sa har yau ake kiran mai riƙe da gadon Sarkin Katsinan Maraɗi. An daɗe ana kai wa juna hari tsakanin biranen biyu, musamman zamanin Ɗan Baskore, amma duk da haka ayarin fatake bai daina ratsa dajin ba. Iyakar da muka sani a yau sai daga baya ta zo, bisa yarjejeniyoyin da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906, kana Tilho da O'Shee suka bi ƙasa suna kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908.

Tun daga nan harshe ɗaya ya fara aro daga rumbu biyu. A Ɗan Isa ana cewa ɗan duwan, a Magamar Jibiya a ce kwastan. Nan lakwal, can makarantar boko. Nan kabu-kabu, can acaɓa. Nan sefa, can naira. Sai dai akwai kalmomin da ba su sake ba ko kaɗan: dillali, mai masauki, bashi, alkawari, amana. A kan waɗannan ne cinikin yankin ya dogara, domin masara da gero da kayan masarufi sukan hauro daga kasuwannin Dawanau da Katsina da Jibiya, wake da aya da bisashe kuma su gangara kudu, akasari ba tare da takardar da za a iya kai wa alƙali ba. Wanda ya duba littafin Emmanuel Grégoire na 1986 a kan Alhazan Maraɗi zai ga cewa manyan dukiyoyin birnin ma ta haka aka tara su, wato da abokin hulɗa amintacce a wancan ƙetare.

Akwai wasu dattawa biyu, ɗaya a Madarumfa ɗaya a Jibiya, dukansu ƴan hatsi, waɗanda suka gaji abota daga iyayensu. Mahaifin na Jibiya shi ne mai masaukin mahaifin na Madarumfa: a zaurensa yake kwana in ya zo cin kasuwa, a ɗakinsa yake ajiye kuɗi, shi ne kuma mai tsaya masa in rigima ta taso. A watan Afrilu na 1984, lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki domin canjin kuɗi, aka bar su a rufe har 1986, sai abin ya haɗu da mummunan fari, aka yi yunwar da mutanen Nijar suka laƙaba wa suna El Buhari. A wannan shekara gidan Jibiya ne ya riƙa aiko da dawa da garin rogo a kan jakai cikin dare, kuma samarin da ke koro jakan daga can da masu tarbarsu daga nan su ne dattawan nan biyu. Ba a taɓa lissafa abin da aka aiko ba, ba a kuma taɓa mantawa da shi ba.

A farkon watan Yuli na 2023, tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, na Madarumfa ya ɗauko masara buhu 40 a wurin amininsa. Aka yanke farashi da naira, aka yi baki a kan zai kawo kuɗin in ya sayar, kamar yadda suka saba. Ran 26 ga wannan wata sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ran 30 ga wata ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta katse wutar lantarki, manyan motoci suka yi jerin gwano a Jibiya kaya na lalacewa a cikinsu. Masara ta yi tsada a kasuwannin jahar Maraɗi, dattijon ya sayar da tasa, kuɗi suka zauna a hannunsa da sefa. Ya buga waya yana neman ya ba ƴan canji saƙon su ƙetare da shi ta barauniyar hanya, amma na Jibiya ya hana, ganin yadda ƴan bindiga suka addabi dajin.

"Alhaji, ka riƙe su nan," in ji shi. "Wurinka da wurina duk ɗaya ne. Sai Allah Ya sada mu."

Ba su sadu ba sai bayan kusan wata 8. An ɗage takunkumin ran 24 ga Fabrairu na 2024, ƙasashen biyu kuma suka buɗe iyakarsu a cikin watan Maris. Amma kafin nan naira ta yi asarar kusan rabin darajarta, hatsi kuma ya yi tashin gwauron zabo a Nijeriya. Ma'ana, in an biya adadin nairar da aka yanke, kuɗin ba za su mai da wa mai masara buhunansa 40 ba, na Madarumfa kuwa zai fitar da sefa kaɗan ya sauke nauyin duka.

Babban ɗansa, wanda ya yi lakwal kuma shi ke riƙe masa littafin lissafi, bai ga abin wahala a ciki ba.

"Baba, ai da naira aka yanke, ga shi nan a rubuce. Ba mu muka karya naira ba, ba mu muka rufe iyaka ba. Da sefa ce ta faɗi kamar yadda kuke ba mu labarin 1994, ai mu za mu ɗauki hasarar."

Maganar yaron tana da ƙafafu. A watan Janairu na 1994 an rage darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya, ƴan kasuwa da yawa suka durƙushe, babu wanda ya biya su diyya. Uban ya yi shiru, can ya ce, "Masara na ɗauko a zaurensa, masara kuma nake bin kaina." Ya sa aka ƙiyasta abin da zai sayi buhu 40 a kasuwar Jibiya a wannan mako, ya canja kuɗin, ya ɗauki yaron suka kama hanyar Ɗan Isa.

A can ne gardamar ta juya. Na Jibiya ya ƙidaya kuɗin, ya ware adadin da aka yanke a Yuli, ya turo saura gaban baƙonsa.

"Alhaji, abin da muka yi baki a kai ke nan. Ƙari a kan bashi ina tsoron kada ya zama riba. Ba zan tsufa in fara cin ta a hannunka ba."

"To ni kuma, Alhaji, da wane ido zan dubi ƴaƴanka in na ci ribar rufe iyaka a kan ubansu?"

Mai karatu ya lura, kowannensu hujjarsa daga tarbiyya ɗaya ta fito: ɗaya yana gudun haram, ɗaya yana gudun zalunci. Suka kwana a kai. Da safe suka daidaita a kan cewa bashi an biya shi yadda aka yanke, sauran kuɗin kuwa babu mai mai da su aljihu, za su zama jarin haɗin gwiwa tsakanin manyan ƴaƴansu biyu: na Madarumfa ya sayi wake da kaka, na Jibiya ya sayar a kudu, su raba abin da Allah Ya bayar.

Da a ce tatsuniya ce, nan za a ce ƙurunƙus. Amma a watan Oktoba na 2024, daidai lokacin da wake ke shigowa kasuwa, hukumomin Nijar suka hana fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Ran 29 ga Janairu na 2025 ficewar ƙasashen uku daga CEDEAO ta tabbata. A ƙarshen Maris na wannan shekara ƙawancensu na AES ya sanya harajin kashi 0,5 cikin 100 a kan kayan da ake shigo da su daga waje, a watan Mayu kuma, gab da babbar salla, aka dakatar da fitar da bisashe. Waken samarin ya zauna a sito, ƙwari suka fara shigarsa, aka sayar da shi a gida ba wata riba. Na Jibiya ya fara cewa an riƙe masa jari, na Madarumfa ya ce doka ce. Wani ya ba su shawarar su bi da kayan ta daji a kan babura, iyayen suka ƙi. Da ƙyar aka shawo kansu suka koma cinikin aya da busasshen zogale. Suna gaisawa, suna lissafi, sai dai har yanzu babu wanda ya taɓa kwana a zauren wani.

Adalci ne a faɗi cewa kowace hukuma tana da dalilinta. Wanda ya hana fitar da hatsi yana tunanin bakin da zai ciyar. Nijeriya ma da ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, cewa ta yi tana kare manoman shinkafarta da kuma tsaron ƙasa. Ta fara buɗe wasu a Disamba na 2020, amma mashigar Jibiya sai a Afrilu na 2022. Kuɗin fito kansa daɗaɗɗen abu ne, tun zamanin da ake biyan mai kwalekwale a bakin gulbi, fatake kuma sun saba biyan sarakunan da suka ratsa ƙasarsu. Ɗan kasuwa yana iya ɗaukar haraji in ya san adadinsa, ya zuba shi cikin farashi. Abin da ke karya shi shi ne rashin sanin ko gobe hanyar za ta kasance a buɗe, domin wanda bai da tabbacin ganin abokinsa ba zai ba shi bashi ba, in kuwa bashi ya mutu, ƙaramin ɗan kasuwa ne farkon wanda zai bi shi. Mai babban jari yana da hanyoyi da yawa. Mai buhu 40 amininsa kaɗai gare shi.

Akwai kuma hasarar da ba ta shiga littafin duwan. Daga 2019 zuwa 2024 mashigar Jibiya ta shafe fiye da shekara 3 a rufe. Yaron da ya tashi cikin waɗannan shekaru ya koyi sunayen barayin hanyoyi da farashin kowane shinge, ya san wancan ƙetare a matsayin wurin da ake shiga da dare a fito kafin asuba, amma bai san ƙofar gidan da kakansa ke sauka ba. Iyayensa sun ƙulla abota da cin tuwo a ƙwarya ɗaya, da zuwa suna da jana'iza. Shi kuwa abokin cinikinsa lambar waya ce kawai. Irin wannan hulɗa ba ta jure rana ɗaya ta saɓani.

Duk da haka tushen bai mutu ba. A 2019, da hare-haren ƴan bindiga suka koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, ƙauyukan gundumomin Gidan Rumji da Madarumfa ne suka buɗe musu ɗakuna da rumbuna tun kafin ƙungiyoyin agaji su iso. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya, wadda aka kafa a 1971 da mazauninta a Yamai, an yi ta ne domin irin waɗannan matsaloli. A Fabrairu na 2021 kuma an aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Jirgi zai iya ɗauko kaya, amma sai an sami wanda zai yarda ya ba da su bashi a ɗaya ƙarshen.

Nan ne aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu ya shigo. Ba su ke yanke haraji ba, ba su ke buɗe iyaka ba, amma su ke da yaran. Ɗalibin Madarumfa ya cancanci ya san dalilin da ya sa ake ce wa sarkin Maraɗi Sarkin Katsina, ya kuma san inda ruwan gulbinsa ke fitowa. Ana iya aika shi ya tambayi kakansa wane ne mai masaukinsa a Jibiya ko a Katsina, ya rubuto labarin da Hausa, a karanta a aji. Ana iya ɗora wa ɗalibai matsalar buhu 40 ɗin nan a darasin lissafi da na tarbiyya, a ji yadda za su raba gardamar. Ƙungiyoyi kuma suna iya raya ziyarce-ziyarce, ko na kokawa ko na wasan kwaikwayo ko na marubuta, a kuma sauke baƙi a gidajen mutane kamar yadda aka saba, tun da Bahaushe ya riga ya ce zumunta a ƙafa take.

Dattawan biyu sun tsufa, irinsu kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Dokokin fito za su ci gaba da sauyawa bisa yadda manya suka ga dama, amma ko ƴaƴan Madarumfa da na Jibiya za su iya ce wa juna "riƙe su nan, sai mun sadu" nan da shekara 20, wannan ya rataya ne a kan abin da aka koya musu yau a gida da lakwal. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya bar zumunci.