Maraɗi: darasin bashi a ajin kwaleji

Wanda ya shigo Maraɗi ta hanyar Yamai ba ya ganin gulbi da farko. Garin ya hau tudu tun bayan ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon birni na cikin fadama. Abin da baƙo ke fara cin karo da shi shi ne ƙurar hunturu, ƴan kabu-kabu, da manyan motoci masu jiran hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya. Gari ne na fatauci, kuma fataucin alhazan Maraɗi bisa bashi ya ginu: ubangida ya ba baransa haja, bara ya saida, ya kawo kuɗɗi daga baya.

A wani kwaleji da ba shi da nisa da babbar kasuwa, mushen lissafi na aji biyu yana fama da lambobin da ke ƙasa da sifili. Ɗalibai sun cika bencina. Salula kaɗan ce ke akwai, ta mushe da waɗanda aka aro a gida, kowace tana zagaya hannuwa da yawa. Ya ce a buga 3 a ɗebe 8. Allon salula ya nuna −5. Wata yarinya ta ce na'urar ta lalace, don tun lakkwal ƙarama an koya musu ba a ɗebe babba daga ƙarami.

Mushe bai yi gardama ba. Ya tambaye ta: in tana da dala 3, ta ɗauki ƙosan dala 8 wajen mai tuya, mi ya rage? Aji duka ya amsa: bashin dala 5. Ashe yaran sun san abin tun kafin su san sunansa. Ko salular kanta tana ba da bashin kati, a cire in an sa kuɗɗi. Hanyar kuwa tsohuwa ce. A shekarar 628 masanin Indiya Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin waɗannan lambobi da sunan dukiya da bashi, mutanen Sin kuma tun kafinsa suna bambanta su da sanduna ja da baƙi.

Wuyar tana wajen ninkawa. Mutum uku suna bin ka dala 20 kowanensu: 3 × (−20), bashin dala 60 ke nan, babu mai musu. To, (−3) × (−20) fa? Salula ta ce 60 nan take, amma ba ta faɗi dalili ba, kuma ranar jarrabawar BEPC dalilin ake nema wurin ɗalibi. Mushe ya sa an kife wayoyi bisa tebur. Ya ce su ɗauka masu bashin nan uku sun yafe. An ɗauke maka bashi uku, ko tamma ba ta shiga aljihunka ba, amma ka fi jiya da dala 60. Aka yi tsit, sannan wani yaro daga baya ya ce a kasuwar Maraɗi bai taɓa jin an yafe bashi uku rana ɗaya ba. Dariya ta kece, har da mushe.

Akwai kuma tarkon da na'ura ke ɗanawa. A buga −3² a na'urar lissafi ta kimiyya, −9 za ta bayar, don tana ninka 3 kafin ta duba alamar. Sai an sa baka biyu, (−3)², ake samun 9. Wannan darasin jibi ne. Da tsakar rana aji ya watse, ƴan matan da suka aro salula suka yi gaba da sauri, don iyayensu na jiran ta a rumfa.