Kunkurun Inna

Da Inna ta rasu aka zo rabon ɗan abin da ta bari, 'yan'uwana suka kwashi kwanuka da zannuwa, ni kuma aka bar ni da kunkuru. Dattijo take ce masa. Tun ina 'yar firamare yake tsakar gidanmu a Tasawa, ban taɓa ganin an yi masa wata hidima ba. Yana kiwonsa bayan rumbu, rana ta take ya shige raminsa.

Na kawo shi Maraɗi, gidan haya mai daɓen siminti. Cikin mako biyu ƙasan ƙoƙonsa ya fara gogewa, dare ya yi sai ka ji shi yana karta bango kamar ɓarawo. Na ga abin da yake nema ƙasa ce, sai na sa aka juye mini amalanke biyu na yashin gini a lungu, na riƙa zuba masa salak da tumatir a kai. Don wurin ya yi kyau na sayo kariya biyu cikin tukwane, masu jan furen nan, na jera.

Baba mai gadin tasharmu ne ya zo kawo mini saƙo ya gan su. Ko zama bai yi ba ya ce, "'Yata, fitar da wannan. Da ruwanta maharba ke dafa kibiya." Na fitar a ranar. Shi ya ƙara lissafa mini sauran: tumfafiya, zurma, bini-da-zugu, zaƙami. Ya ce duk tsiron da na karya na ga farin ruwa kamar nono, kada ya kwana kusa da Dattijo. Mutane na cewa dabba ta san abin da zai kashe ta. Wataƙila a daji, inda take da zaɓi. A lungu mai taku biyar, abin da ya faɗo gabanta shi za ta ci.

Yashin kuwa sai da ya kusa kashe shi kafin na gane. Ya daina ci, ya daina kashi, idanunsa suka faɗa. Likitan dabbobin da na kai wa ya ce shi fa shanu da awaki ya sani, amma da ya ji a kan me nake zuba abinci sai ya girgiza kai. Jiƙaƙƙen tumatir na kwasar yashi, kunkuru ya haɗiye, ya taru ya toshe hanji. Ya ce in riƙa zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi da bai wuce haɓarsa ba, minti 20 kullum. A rana ta shida ya yi kashi, rabinsa yashi. Ranar na shiga gabatar da shirin gaishe-gaishe ina ta dariya, abokin aikina ya ɗauka albashi aka yi.

Daga baya na karanta cewa irinsa, wanda masana ke kira sulkata, shi ne na uku a girma cikin kunkuran tudu na duniya, kuma ɗan Sahel ne, daga Senegal har Sudan. Ciyawa ce abincinsa, kamar jaki. Kayan marmari zawo suke sa shi. Ramin da yake haƙa kuma ba ɓarna ba ce, a can yake samun sanyi da laima lokacin bazara.

Na roƙi mai gida ya bar ni in fasa simintin lungun. Ya ƙi, sai da na yi alkawarin mayarwa da kuɗina ranar da zan tashi. Na kwaso ƙasar gona daga wajen ƙanen babana, wadda na tabbata ba a zuba mata takin zamani ko maganin ƙwari ba, na gauraya da yashi kaɗan yadda za ta riƙe rami ba ta rufta ba. Gefe guda nake yayyafa wa ruwa, ɗayan in bar shi a bushe. Na dasa ƙiri-ƙiri, damina ta zo harkiya da guɗe-guɗe suka fito da kansu daga cikin ƙasar. Rama da yakuwa a tukunya suke, sama da inda wuyansa ke kaiwa, ina tsinko masa ganye jefi-jefi, don in na dasa su a ƙasa kwana ɗaya zai tattake su. Abinci kuma a kan faffaɗan dutse, da kaskon ruwa a gefe. Masu cewa kunkuru ba ya shan ruwa su zo su ga Dattijo da safe.

Yanzu raminsa ya kai tsawon hannuna biyu, kuma ya karkata wajen katangar maƙwabci. Mai gida bai gani ba tukuna. Jiya na sayo bulo takwas da zan binne a gindin katangar.