Makaɗan Fadar Shehun Barno: Kiɗan Da Ya Ga Tashin Birane

Duk baƙon da ya sauka Maiduguri ranar Jumma'a, in ya bi babban titin nan da ake kira Dandal har ya tuƙe, zai iske kansa a ƙofar fadar Shehun Barno. Kafin ya hangi dogarai da jajayen rigunansu, kunnensa zai riga idonsa samun labari, gama amon ganga da zaƙin algaita su ke fara sanar da jama'a cewa Shehu ya fito.

Barebari suna kiran babbar gangar nan "ganga kura", algaita kuwa "alita". Algaita itace ce da aka fafe aka rufe da fata, da bututun ƙarfe a wuyanta da ɗan kara a baki. Mai busa yakan cika kumatunsa da iska, yana shaƙa ta hanci yana fitarwa ta baki a lokaci guda, saboda haka sautin ba ya yankewa. Ba waƙa kawai ya ke yi ba. Kirarin sarki da na kakanninsa ya ke faɗa, wanda ya san harshen kuwa yana ji sarai.

Wannan kiɗa ya girmi garin da ake yinsa nesa ba kusa ba. Sarakunan Barno na gidan Saifawa, masu laƙabin Mai, sun zauna a Birnin Gazargamu fiye da shekara 300, har birnin ya faɗi cikin 1808. Shehu Muhammadu Laminu, watau Alkanemi, wanda ya ceto ƙasar, shi ya kafa Kukawa cikin 1814. A nan ne Turawa uku suka same shi cikin Fabrairu 1823: Manjo Denham, da Kilafatan, da Likita Udni. Denham ya rubuta cewa ya ga dogayen famfami na itace, masu tsawon ƙafa goma, waɗanda Mai kaɗai ake busa wa. Ƙarfin mulki yana hannun Shehu, amma busar sarauta tana gidan Mai, har zuwa 1846 da sarautar Saifawa ta ƙare, kome ya koma gidan Shehu.

Daga nan ma fada ba ta zauna wuri ɗaya ba. Rabeh ya rushe Kukawa cikin 1893, ya koma Dikwa. Bayan mutuwarsa cikin 1900, Shehu Abubakar Garbai ya zauna Monguno, ya taɓa zaman Kukawa, kana cikin 1907 ya tare a Yerwa, wadda ita ce Maiduguri ta yau. Ganuwa ba ta ƙaura, amma makaɗi yana rataya gangarsa ya bi ubangidansa.

Biyu daga cikin baƙin nan na 1823, Kilafatan da Udni, mutanen Sikotlan ne, ƙasar da ke arewacin Ingila, inda su ma su ke da tasu algaita. Tasu tana da salka ta fata wadda mai busa ke cikawa da iska ya matse a hammata, watau aikin da kumatun mutumin Barno ke yi, shi salkar ke yi. A can ma gādo ne. Zuriyar Makrimon ta tsibirin Sikai ta daɗe tana yi wa shugabannin gidan Maklawud busa, ɗa bayan uba. Amma bayan yaƙin Kuloden na 1746, gwamnatin Landan ta karya ikon shugabannin dangogin tuddai, masu busa suka rasa iyayen gidansu. Soja ne suka ɗauke su, aka haɗa su da 'yan ganga aka yi badujala, ta haka kuma algaita mai salka ta iso har faretin soja da 'yan sanda na Nijeriya.

Algaitar Barno ba ta rasa sarkinta ba, amma ta ga tashin hankali. Cikin 2009, shekarar da aka naɗa Shehu Abubakar ɗan Umar Garbai, fitinar Boko Haram ta ɓarke a Maiduguri. Cikin Yuli 2012 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya kai hari kusa da Shehu bayan sallar Jumma'a, Allah ya kiyaye shi, amma an rasa rayuka. Shekaru suka wuce ba a yi hawan salla yadda aka saba ba. Cikin Satumba 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga har cikin fada.

Abin lura shi ne, gini in ya rushe kuɗi na iya tā da shi, amma kirarin da ke cikin algaita ba a takarda ya ke ba, a kan tsofaffi ya ke. Yaro yana koyonsa ne a gindin ubansa, in akwai taron da za a yi busa, akwai kuma abin da zai ci daga sana'ar. Mutanen Sikotlan sun rubuta nasu, sun buɗe masa makarantu. Ya kamata hukumar al'adu ta Jihar Barno da Jami'ar Maiduguri su zauna da dattawan makaɗan nan, su ɗauki busarsu tare da fassararta, tun suna da sauran numfashi. Allah ya ja zamanin Shehu, ya zaunar da Barno lafiya.