Kana Jidda, shagunanka na Mafara: ina zancen harajin kuɗin haya?

Ni gyaran waya nake yi a Talata Mafara, ba ma'aikacin haraji ba ne, amma sana'ar nan ta sa wayoyin 'yan uwan mutanenmu da ke Saudiyya da Libiya suna yawan biyowa ta hannuna. Da yawansu sun gina shaguna kusa da kasuwa, ko ɗakunan da ɗaliban Abdu Gusau Polytechnic ke kamawa. Ga kuma mutanen ƙauyukan Maradun da Bakura da rashin tsaro ya koro cikin gari, kowa na neman wurin zama. Kuɗin haya dai suna shigowa.

Wani kawuna da ke Jidda yana da shaguna huɗu. A ganinsa, tunda Saudiyya ba ta cire haraji a albashi, kuma ya shekara biyar bai zo gida ba, babu ruwansa da kowa. To ba haka dokar take ba. Kuɗin da gini ya samar a Najeriya, a Najeriya ake biya masa haraji, ko mai ginin yana ina. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ba ƙirga kwanakin da ka yi a ƙasa kaɗai take yi ba. In kana da gidan zama a nan, ga mata da yara, ga dukiya, ana iya ɗaukarka mazaunin gida. Irin wannan, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha da ke Gusau ce tasa. Wanda ya tattara komai ya koma waje kuwa, hukumar tarayya ce ke bin sa, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS. Ana miƙa bayanin kuɗin shekarar da ta wuce kafin ƙarshen Maris.

Kuɗin ma ba su kai yadda ake tsoro ba. Ga mazaunin gida, naira 800,000 na farko babu haraji a kai, abin da ya biyo baya kashi 15 cikin 100 ne har zuwa miliyan 3. Wato in duk abin da ya shigo maka a shekara miliyan 1.2 ne, 60,000 za ka biya.

Inda gizo ke saƙar shi ne shaida. Ɗan haya ya kawo kuɗi a leda ya ba ƙanen kawu, an cire na gyaran kwano, an cire na suna, babu rasit ko ɗaya. Wallahi ko kawun bai san nawa shagunan suka kawo bara ba, balle ya rubuta wa hukuma.

Abin da muka yi: kowane ɗan haya yanzu ta banki yake turawa, ya rubuta lambar shago da watan da ya biya. Rasit na siminti da na magini muna ɗaukar hotonsu mu zuba a Google Drive ɗaya da shi ma yake gani daga can. In kamfani ne ya kama maka shago, yakan cire kashi 10 cikin 100 ya kai wa hukuma da sunanka, ka nemi takardar, don za a rage maka shi a lissafi.

Sai maganar layi, wadda ita ce tawa. NIN ɗinka ita ce lambar harajinka yanzu, kuma lambar sirrin da banki ke turowa, layinka na gida take zuwa. Layin da ya yi wata shida ba a taɓa shi ba ana iya rufe shi, daga baya a sayar wa wani. Na kawu yana cikin wata ƙaramar Nokia a shagona, duk wata ina sa masa kati in yi kira ɗaya. In ka manta NIN ɗinka, danna *346# a layin da ka yi rajista da shi.